"Get" a Bakin Ɗan Kamasho: Darasi Daga Tashar Faraku

La'asar ta yi sakaliya a Gare, wato tashar Faraku, sai ga wata 'yar kasuwa daga Najeriya ta sauko daga kan zem, babur ɗin haya na ƙasar Benin, da ƙunshin kaya biyu. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Dandanci, Hausarta kuma ba ta wuce "sannu" ba. Wani dattijon ɗan kamasho, mutumin Zango, ya tare ta yana cewa: "Madam, you get load? Get in, we get to Djougou before it gets dark." Kafin a ce kwabo an ɗaure kaya, ta zauna, an cike gurbi na ƙarshe a motar Jugu.

Ni da ke gefe ina shan shayi na ƙirga: sau huɗu ya faɗi "get" cikin numfashi ɗaya, kuma kowanne da ma'anarsa. Na farko mallaka ne, kina da kaya? Na biyu shiga mota. Na uku isa gari. Na huɗu sauyin yanayi, kafin duhu ya yi. Mutumin nan bai taɓa zama a ajin Turanci ba, amma ya riƙe abin da ɗalibai da yawa ke shekara suna lalube.

Ba abin mamaki ba ne a sami irinsa a nan. Tun zamanin fataucin goro, ayarin Kano masu zuwa Gwanja ta Nikki da Jugu suke ratsa ƙasar Bargu, kuma kowane zango yana da masu fassara ciniki tsakanin baƙo da ɗan gari. Da layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso Faraku a 1936, garin ya zama inda ake sauke kayan jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya, har cikin Nijar. Yau kuma masu Turanci na shigowa ta gabas daga jihar Kwara, wasu ta yamma daga Gana bayan sun ratsa Togo. Wanda abincinsa ke bakin fasinja dole ya san yadda zai tanka wa kowa.

Da mota ta tashi na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, ina ka koyi wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai 'get' shi ne 'ci' na Bature. Kai da ka san cin tuwo da cin kasuwa da cin amana, me zai ba ka wuya?"

Ya gama magana. Bahaushe yana cin bashi, ya ci jarrabawa, ya ci riba, ya ci mutuncin wani, kuma bai taɓa ruɗewa ba, domin kunnensa na kan abin da ya biyo bayan "ci". Haka "get" yake: shi kaɗai ba ya faɗin komai sai ka ga wanda ya rako shi.

In suna ne ya biyo, ma'anar samu ce, ko karɓa, ko saye. "I got a ticket," na sami tikiti. "Did you get your change?" Ka karɓi canjinka? In sifa ce ta biyo, ana nufin zama ko komawa wani hali: "The driver got tired," direba ya gaji, "It is getting late," lokaci na ƙurewa. In aka sa "to" da sunan wuri, isa ake nufi: "When do we get to Kandi?" Yaushe za mu isa Kandi? Sai dai "home" da "there" ba sa son rakiyar "to", don haka "get home" ake cewa kai tsaye.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne ƙananan kalmomin da ke liƙe masa. Ƙaramar mota "get in" ake yi mata, domin sunkuyawa kake ka shiga. Bas babba, jirgin ƙasa da babur kuwa "get on" ne, hawa kake yi. Sauka daga bas "get off", daga ƙaramar mota "get out of the car". 'Yan Najeriya da 'yan Gana sun fi cewa "get down", dattijon kuwa yana auna fasinja kafin ya zaɓi wadda zai yi masa. Ga kuma ginin sa wani aiki: "Get the tyre fixed," a kai taya a gyara, ba da hannunka ba. Sai na tilas: "We have got to go," dole mu tafi.

Muna cikin hira wata mota ta iso daga Nikki. Yaron mota, don neman burgewa, ya buɗe ƙofa ya ce wa wani tsoho mai jar hula, "Get out!" Nan take fuskar tsohon ta canza. Dattijon ya yi wuf ya sha gabansa, ya karɓi jakarsa da hannu biyu yana cewa, "Sorry sir, you can get down here." Da baƙon ya wuce sai ya ja kunnen yaron: "Kai, wannan kora ce, irin wadda ake yi wa akuya a rumfar hatsi. Kuma ka kiyayi 'get lost'. In mutum ya ce 'I got lost', ɓata ya yi, a nuna masa hanya. In kai ka ce masa 'get lost', ka ce ya ɓace maka da gani." Magana zarar bunu ce, kuma a tasha wanda aka ɓata wa rai gobe motar wani zai shiga.

Ya kuma san bambancin Turancin makaranta da Burokan. "I no get change" daidai ne tsakaninsa da 'yar Legas, amma ga malamin jami'a ko Bature ɗan yawon buɗe ido sai ya gyara zama ya ce "I haven't got change." Masana sun ce kalmar ta shiga Turanci ne daga harshen tsoffin mutanen arewacin Turai, kuma har yau Amurkawa na cewa "gotten" inda mutanen Ingila ke cewa "got". Shi wannan bai dame shi ba. Abin da ya sani shi ne ya saurari jimla sukutum, ya maimaita ta ga fasinja na gaba, ya duba fuskarsa ya ga ko ta zauna.

Da aka kira magariba ya naɗe 'yar takardar lodinsa ya soka a aljihu. Ya dubi yaron motar, wanda har yanzu ke sosa kunne, ya ce, "You get it?" Yaron ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Na gane, Baba." Wannan ma wata ma'anar ce, kuma ba wanda ya fassara masa.