Cijewar Bindiga a Fagen Gasa: Laifin Maƙeri ko na Mai Harbi?

A gasar harbin fistol ta ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a jihar Mizuri ta Amurka a 1976 da Jeff Cooper a matsayin shugabanta na farko, makin da ɗan gasa ya ci ana raba shi ne da daƙiƙun da ya ɗauka. Idan bindigarsa ta cije, agogo ba ya jiransa, alƙali kuma ba ya ba shi damar sakewa. Shi ya sa duk wanda ta ƙi wa tashi bakinsa ke saurin kaiwa kan maƙeri. A ganina sau da yawa laifin na ɗan gasar ne, domin shi ke cinye rarar ƙarfin da maƙeri ya bar wa bindigar.

Fistol mai ɗura kanta da ƙarfin harbinta take aiki. Tashin albarushi ke tura marfin sama baya, ƙugiya ta zaro kwanson da aka harba a cillo shi waje, sannan sifirin ya dawo da marfin, ya kwaso sabon harsashi daga magazin ya cusa a bututu. Kowane mataki na jingine da wanda ya gabace shi, don haka maƙeri kan ba kowanne ƙarfi fiye da bukata, ko da datti ya taru ko maiko ya bushe. Da irin wannan rara fistol ɗin John Browning ta harba harsashi 6,000 ba tare da cijewa ba a gwajin sojan Amurka na 1911.

Ɗan gasa kuwa wannan rarar ce ke rage masa sauri. Doka ta kafa ma'aunin ƙarfin harsashi, wato nauyinsa a ninka da gudunsa a raba da dubu, kuma wanda nasa bai kai 125 ba makinsa ba ya shiga lissafi. Sai masu ɗura harsashinsu da kansu su rage albarushi har su tsaya dab da wannan iyaka, don kada bakin bindiga ya riƙa ɗagawa sama. Albarushi na raguwa, marfin ba ya isa ƙarshen tafiyarsa, sai kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar fita. Maganin da ake yi shi ne sa sifirin mai laushi, shi kuma ba ya iya rufe marfin sarai idan toka ta taru. Haka ake sassauta sifirin ɗin guduma don kunama ta yi sauƙin ja, allura ta daki gindin harsashi da rauni, ya ƙi tashi, har a koma neman 'yan ƙwayoyin kunna albarushi masu laushi irin na kamfanin Federal. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Wani zai ce ai magazin ne uwar matsala, kuma yana da gaskiya: leɓɓansa kan buɗe, sifirin ɗinsa kan gaji, ga shi ana yar da shi cikin yashi a tsakiyar gudu. Akwai kuma sakin wuyan hannu, wanda ke barin jikin bindiga ya bi marfin baya ya shanye ƙarfin. Sai dai waɗannan ba su rushe hujjar ba. Fistol ƙirar Glock 17 da ba a taɓa cikinta ba takan haɗiye ɗan yashi da ɗan raunin riƙo ta ci gaba da harbi. Wadda aka sassauta ko'ina ƙaramin abu ke tsayar da ita.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa zakaru ma da gyararrun bindigogi suke cin gasa. Haka ne, amma kafin ranar sun ƙona harsasai masu ɗimbin yawa iri ɗaya da wanda za su shiga da shi, suna sa wa kowane magazin lamba don gane mai laifi, suna canja sifirin tun bai gaji ba. Mai kwaikwayo gyaran kawai yake ɗauka, ya bar gwajin. A harbin sauri na mita 25 na Olamfik, inda ake amfani da ƙaramin harsashin .22 mai yawan ƙin tashi, doka na yin rangwame idan alƙali ya tabbatar cijewar ba sakacin mai harbi ba ce. IPSC ta ƙi wannan rangwame, ta mai da ingancin bindiga ɗaya daga cikin abubuwan da ake gwada ɗan gasa a kansu.