Fuskar Waya Ba Ta Sayuwa A Kwalba

'Yan uwana mata, da can Bahaushe kan ce gani ya kori ji. To yau ganin ma sai an yi masa tambaya.

Tun da Snapchat ya kawo filta a 2015, TikTok kuma ya fito da nasa mai suna Bold Glamour a 2023, mace za ta ɗaga waya ta ɗauki kanta, nan take ƙuraje su ɓace, hanci ya miƙe, fata ta yi fes kamar ta jariri. Ni ban ce wasa da hoto laifi ba ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasan ya koma ciniki.

Kin saba ganin kanki a filta, sai madubin ɗakinki ya fara ba ki haushi. Ana cikin haka sai ga mai talla a WhatsApp ta ɗora hotonta jajawur, wai ai aikin man haɗinta ne. Haba Hajiya! Man ne ko wayar? Ke kuma ba ki tambaya ba, kin tsakuro daga kuɗin cefane ko na adashi kin tura mata. Haka hoda, haka jambaki, har atamfa: launin da kika gani a hoto daban, wanda ɗan aike zai miƙo miki daban.

Da asarar kuɗi ce kaɗai da sauƙi. Da yawan mayukan bilicin na ɗauke da hydroquinone, ko steroid, ko mercury mai lalata ƙoda. Fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, ciwo ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. A 2024 TikTok da kansa ya sanar zai hana 'yan ƙasa da shekara 18 wasu filtocin kwalliya. Kin ga mai abin ma ya ji tsoron abinsa.

Shawarata, kafin ki saya ki ga kayan da idonki, ki ga mai tallar a hasken rana, ki duba lambar NAFDAC. Wannan fuskar da kike bi, mai ita ma ba ta da ita. Kar garin neman gira a rasa ido.

Allah Ya sa mu gane, amin.