Barbara Lipska ta shiga hauka, ta fito da labari

Kai, wannan baiwar Allah ta burge ni! Littafinta, The Neuroscientist Who Lost Her Mind, wanda ta rubuta tare da 'yar jarida Elaine McArdle a 2018, duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙwaƙwalwa ya kamata ya neme shi ko da rance ne.

Lipska 'yar asalin Poland ce, a lokacin ita ce shugabar ma'ajiyar ƙwaƙwalen mamata a NIMH, cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka, ta kuma shafe shekaru tana binciken taɓin hankali. A Janairun 2015, tana zaune gaban kwamfuta, ta miƙa hannun dama, sai hannun ya ɓace mata da gani. Da aka yi hoto aka ga ƙari uku. Ashe kansar fata ce, melanoma, wadda aka yi mata maganinta a baya, ta bi jini ta yada zango a ƙwaƙwalwa.

Aka yi tiyata, aka yi gashi, ta shiga gwajin wani sabon magani mai zaburar da garkuwar jiki. Nan ne littafin ya kama ni har na kasa ajiye shi. Ƙari ya ƙaru har 18, sashen gaba na ƙwaƙwalwarta, mai riƙe da kunya da kara da hangen nesa, ya kumbura. Kusan mako takwas ta zama wata daban: faɗa ba dalili, zargin kowa, ta ɓace a unguwar da ta daɗe a ciki. Tana ganin lafiyarta lau, mijinta Mirek da 'ya'yanta ne suka canza mata! Abin al'ajabi, da kumburin ya sauka, ta tuna abin da ya faru, ta zayyana shi da idon masaniya, ba ta rufa wa kanta asiri ba, har da ranar da fitsari ya kufce mata a kan titi. Na yi hawaye a wajen. Ban taɓa karanta abin da ya nuna mini ƙarara cewa taɓin hankali ciwo ne na tsoka da jini kamar wannan ba.

Ga kuma motsa jiki. Matar nan 'yar gudun fanfalaki ce, mai iyo, mai tseren keke, kuma ko a tsakiyar jinya ba ta bar fita ba. Magunguna ne suka murƙushe ƙarin, amma mai karatu zai ga yadda jikin da ya saba da wahala ya jure su. Bincike ma ya goyi bayanta kan amfanin motsa jiki: a 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa sun gano cewa tafiyar sassarfa ta shekara guda ta ƙara girman sashen tuna abubuwa na ƙwaƙwalwar dattawa da kusan kashi 2 cikin 100.

Marubutanmu na Kano da Zariya, don Allah wani ya nemi izini ya fassara mana shi!