Wa ya ce da'irar kan nono ta yi faɗi da yawa?

Yau za mu duba wata tiyatar kwalliya da asibitocin kuɗi a Turai da Amurka ke tallatawa a intanet, wato rage faɗin baƙar da'irar nan da ke kewaye da kan nono.

Ga yadda ake aikin. Likita zai yanke fata daga gefen da'irar kamar zobe, sa'annan ya tattaro sauran ya ɗinke, kamar dai yadda mazagi ke tsuke wando. Wani likitan Faransa, Louis Benelli, shi ya yi fice da irin wannan ɗinki a shekarar 1990. Kafin yankan akan ɗora wani zoben ƙarfe mai faɗin santimita 4 ko sama da haka kaɗan, a zana iyaka.

To a nan gizo ke saƙa. Wannan awo na sauƙaƙa wa likita aiki ne kawai, amma masu talla sun mai da shi tamkar mizanin lafiya, ta yadda duk wadda tata ta zarce haka sai ta ɗauka tana da nakasa. Alhali faɗin da'irar ya bambanta daga mace zuwa mace, yana kuma ƙaruwa lokacin balaga da goyon ciki da shayarwa. Ba cuta ba ce.

Kuma wurin na da aikinsa. Ƙananan ƙurajen da ke kansa, waɗanda likitan Ailan William Montgomery ya bayyana a 1837, suna fitar da maiƙon da ke kare fata daga tsagewa. A 2009 masu bincike a birnin Dijon na Faransa sun nuna cewa ƙanshin wannan maiƙo na sa jariri sabon haihuwa ya fara motsa baki yana neman nono. Fatar da aka yanke na iya tafiya da wasu daga cikinsu.

Sai batun tabo, wanda tallan ba su cika daɗewa a kansa ba. Ɗinkin kan saki da'irar ta sake faɗaɗa, wasu kuma jin taɓawa kan ragu musu. Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabon nan mai tashi ya yi kauri ya zarce inda aka yanka, wanda likitoci ke kira kiloid, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi fitowa.

Ba muna kushe tiyatar nono gaba ɗaya ba ne. Wadda aka yi wa aikin ciwon daji, ko wadda nauyin nono ya hana ta sakat da ciwon baya, buƙatarsu a fili take. Abin zargi shi ne a ƙirƙiro wa mai lafiya damuwa, sannan a sayar mata da maganinta.

Hukumomi ma sun farga. Tun 2005 dokar Faransa ta tilasta jiran kwana 15 tsakanin faɗin kuɗin aikin da ranar yanka. A 2022 Birtaniya ta hana auna 'yan ƙasa da shekara 18 da irin wannan talla.

Saboda haka 'yar'uwa mai sauraro, in kina da niyya, ki nemi likita ya nuna miki yadda tabon yake bayan shekara guda a jikin masu irin fatarki, ki kuma tambaye shi batun shayarwa. In ya yi ta kewaye-kewaye, kin samu amsa.