Tambarin Da Baki Ba Ya Iya Kira: Nazari A Kan Alamomin Ƙananan 'Yan Kasuwa A Ƙasar Bagudo

Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin tamburan da masu zane na zamani suke yi wa ƙananan 'yan kasuwa, musamman masu casar shinkafa a ƙasar Bagudo ta Jihar Kabi, a kuma auna su da ma'aunin harshe. Kalmar tambari ma'ana biyu gare ta a Hausa, watau gangar sarauta, da kuma alamar da ake bugawa a jikin takarda ko haja don a san mai ita. Ma'anonin nan sun haɗu a wuri guda: tambarin sarki ana jin sa daga nesa a san ko na wane ne. Abin tambaya shi ne ko na 'yan kasuwarmu ma haka suke.

Tun zamanin kamfanonin Turawa Bahaushe ya samo hanyarsa ta kiran haja. Ba ya wahalar da harshensa wajen karanta sunan da aka rubuta. Hoton da ke jiki yake dubawa, ya sa masa kalmar "mai" a gaba, shi ke nan suna ya samu. Ta haka aka sami taba mai zobe, da batir mai kan damisa, da magi mai tauraro. Fulawar Golden Penny kuwa ta zama "mai kwabo", har kamfanin da kansa ya karɓi sunan ya shiga talla da shi. Ya kamata mu lura cewa sunayen nan ba wani ofishi ne ya raɗa su ba. Matar da ke cikin gida ce ta raɗa su, domin ita ba ta zuwa kasuwa, yaro take aika, kuma dole ta ba shi sunan da zai riƙe a ka har ya isa. Wannan ita ce jarrabawa ta farko da kowane tambari zai ci: a iya aiken yaro da shi.

Ƙasar Bagudo wuri ne da wannan jarrabawa ta fi tsanani. Tana bakin kogin Kwara, ta yi iyaka da Jamhuriyar Binin ta wajen Tsamiya da Lolo, kuma a cikinta akwai Illo, tsohuwar daular Bargu, da Ka'oje ta Fulani. A kasuwa ɗaya za a ji Hausa da Fillanci da Dandanci da Busanci, ga naira ga sefa suna zagayawa. Wanda ya yi makaranta a wannan ɓangare Ingilishi ya koya, wanda ya yi a Segbana ko Malanbil kuwa Faransanci. Sa'an nan da yawa daga cikin masu saye karatun allo suka yi, ajami ya fi musu sauƙi.

Bukatar tambari ta taso wa masu shinkafa ne tun daga shekarar 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kabi, ta kuma ƙaru da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019. Shinkafar gida ta yi daraja, ƙananan injinan casa suka yawaita, wanda a da yake auna wa mutane a kwano ya koma ɗinke buhu. Buhu kuwa ba ya magana, sai abin da aka buga a jikinsa.

To, me ake bugawa? Wanda duk ya duba buhuna da allunan shaguna zai ga abubuwa uku suna ta maimaituwa: haruffan farkon sunan mai kaya an nannaɗe su da juna, da hoton duniya ko kambin sarautar Turawa, da kuma zangarniya. Kowannensu da aibinsa, amma haruffa sun fi muni. Harafin da ɗan Ingilishi zai kira "i", ɗan Faransanci "e" yake gani; haka kuma G da J sukan yi musayar suna tsakanin harsunan biyu. Watau tambari ɗaya ya zama suna biyu da zarar an ƙetare iyaka, ga mai ajami kuwa bai zama suna ba ko kaɗan. Mai zanen yakan yi alfahari da yadda ya saƙa haruffan a kwamfuta, kuma lalle akwai gwaninta a ciki, sai dai gwaninta ce da ta tsaya a ido. Ba a taɓa jin an ce "sayo mini mai haruffa a nannaɗe" ba.

Zangarniya ita kuma ba ta bambanta kowa da kowa, don kuwa kowace shinkafa daga zangarniya ta fito. Haka abin yake ga dagin Arewa, wanda ya yi suna tun zamanin Sardauna. Ina ganin an gajiyar da shi. Yana nuna cewa mai kaya ɗan Arewa ne, abin da ba wanda ya yi musu a kansa.

Manyan kamfanoni ma ba duka suka tsira ba. Shinkafar Lake Rice da jihohin Ikko da Kabi suka fitar a ƙarshen 2016 an harhaɗa sunanta ne daga farkon sunayen jihohin biyu, hikima ce mai kyau ga mai jin Ingilishi, ga manomin da ya noma ta kuwa ba ta ce komai ba. Big Bull ta kamfanin WACOT, wanda ya buɗe injinsa a Argungu a 2017, ta fi dacewa, domin bijimi yana da suna a kowane harshe na yankin. Na san akwai 'yan kasuwar da ke ƙyamar hoton abu mai rai saboda addini, amma wannan bai toshe hanya ba. Ga kwalekwale, ga lauje, ga ƙwarya, ga giginya, ga fitila, duk yaro ya san su, kuma ana iya buga su da launi ɗaya. Wannan batu na launi ba ƙarami ba ne, domin buhun leda saƙaƙƙe ba ya ɗaukar ƙananan layuka da launuka masu shiga juna, rana da ƙura kuma sukan cinye abin da ya rage.

Akwai kuma ɓangaren shari'a, wanda masu zane ba safai suke faɗa wa mai kaya ba. Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni daban take da rajistar tambari. Ita ta biyun ana yin ta ne a ƙarƙashin dokar 1965, tana ɗaukar shekara 7, a sabunta ta zuwa 14, kuma alamar da ba ta wuce siffanta hajar ba da wuya ta karɓu. Bugu da ƙari, kariyar tana ƙarewa ne a bakin iyaka. Binin tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, cikinsu har da Nijar. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka ɗan Bagudo da ya yi rajista a Abuja, in wani ya buga tambarinsa a buhu a Malanbil, ba shi da takardar da zai nuna wa alƙali a can. Ga shi kuwa juye shinkafar waje cikin buhun gida abu ne da jami'an kwastan suka sha kamawa.

Masu nazarin Hausa suna da hannu a wannan gyara. Sunayen "mai kaza" da kasuwa ta raɗa cikin shekaru masu yawa ba a tattara su wuri ɗaya ba, balle a kwatanta su da na Dandanci da Busanci a ga ko hoto guda suna ɗaya yake haifarwa a ɓangarorin iyakar biyu. Aiki ne da ya isa kundin digiri na biyu, kuma kasuwannin Tsamiya da Lolo sun ishi ɗalibi wurin farawa.