Mari Ɗaya Ma Laifi Ne: Darasi Daga Finafinai Uku

Mai karatu, duk ƙasar da ka leƙa za ka tarar ana cin zarafin mata, sai dai kowace al'umma da irin wanda ta saba da shi har ta daina ganin sa a matsayin laifi. Finafinai uku daga ƙasashe uku sun nuna haka ƙarara.

Mu fara da Masar. A 2010 darakta Mohamed Diab ya fitar da "678", wato lambar motar bas ɗin da Fayza, wata ma'aikaciyar gwamnati, take shiga zuwa aiki a Alƙahira. Kullum sai wani ƙato ya fake da cunkoso ya goga mata jiki, fasinjoji kuma kowa ya kau da kai. Da tura ta kai bango sai ta fara caka wa masu taɓa ta tsinke. Abin da ya fi burge ni shi ne Diab bai bar wa mai kallo ƙofar cewa "ai shigarta ce ta jawo" ba, domin Fayza a lulluɓe take fita. Fim ɗin ya ɗauko wani ɓangare daga shari'ar Noha Rushdi ta 2008, inda aka ɗaure direban da ya ci zarafinta shekara 3. Sai a 2014 Masar ta yi dokar da ta ambaci wannan laifi da sunansa.

A Indiya kuwa, "Thappad" na Anubhav Sinha (2020) cikin gida ya shiga. Vikram ya shara wa matarsa Amrita (Taapsee Pannu) mari sau ɗaya a gaban baƙi, ita kuma ta ce aure ya ƙare. Uwarta da surukarta duk haƙuri suke ba ta. Ka ga a nan ba marin ne kaɗai ciwon ba, yadda kowa ya ɗauke shi ba komai ba shi ne. Inda fim ɗin ya yi rauni: 'yar aikin gidan, wadda mijinta ke jibga kullum, an bar labarinta a gefe, alhali irinta sun fi yawa.

Na uku shi ne "Moolaadé" (2004) na marigayi Ousmane Sembène, wanda aka ɗauka a wani ƙauye a Burkina Faso. Yara mata huɗu sun gudo daga kaciya, Collé ta ɗaura igiya a bakin ƙofarta ta ba su mafaka. Mijinta ya zane ta da bulala a dandali, dattawa suka sa aka ƙone rediyoyin mata. A nan al'ada ce ke riƙe da wuƙar, kuma mata ne masu yankan.

To, mu fa? 'Yan fim ɗinmu sun kwaso rawa da waƙa daga Indiya, amma ba su kwaso wannan ƙarfin hali ba. Sau nawa ka ga an mari mace a fim ɗin Hausa, daga baya iyayenta su maido ta ɗaki da "ki yi haƙuri", a rufe da waƙa? Yarinya mai talla da ake latsawa a tasha, da matar da aka kora da goyo ba ko sisi, labarai ne da ke gabanmu. Furodusoshi, wa zai fara?