Sharhi a kan kalmar "ommetaphobia" da ire-irenta

A cikin jerin baƙin kalmomin Ingilishi da ake yawan bugawa akwai "ommetaphobia", wadda ake fassarawa da tsoron idanu. Masu tsara irin wannan jeri suna nuna ta tamkar tsohon sunan cuta ne da likitoci suka amince da shi. Binciken ginin kalmar ya nuna akasin haka.

Gaɓar ƙarshe ta fito daga "phobos", wato tsoro a Girkanci. Ta farko kuwa daga "omma" ce, wato ido. Amma saiwar da ake gina kalma a kanta ita ce "ommat-", kamar yadda ta bayyana a "ommatidie" ta Faransanci, sunan ƙananan sassan idon ƙwari. Ke nan siffar da ta bi ƙa'ida ita ce "ommatophobia". Wasalin "e" na "ommeta-" ba shi da gurbi a Girkanci. Kuskure ne da yawan kwafi ya zaunar.

Ba dukan kalmomin wannan gida ne matsayinsu ɗaya ba. "Hydrophobia" tana cikin littafin magani na Selsus tun ƙarni na farko, a kan alamar cutar haukan kare. "Agoraphobia" kuwa likitan Barlin, Karl Westfal, ya ƙirƙire ta a 1871, bayan ya duba marasa lafiya masu fargabar ƙetare fili. Waɗannan biyu daga aikin asibiti suka fito. Da yawa daga sauran a kan takarda aka haife su, ta hanyar liƙa saiwa da ɗafi. Tun a 1917 Sigmund Froid ya yi wa jerin Stanli Hol shaguɓe saboda manyan sunayensa na Girkanci. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, ya tara irin waɗannan tsorace-tsorace a babi guda, bai raba wa kowane suna ba.

Darasin da ke nan ga masu tsara keɓaɓɓun kalmomi da littattafan yaƙi da jahilci a bayyane yake. Rigar Girkanci tana ba kalma kwarjini, amma tana ɓoye ma'anarta ga mai karatu, har ga Ba'ingilishen kansa. Aro irin wannan kalma zuwa Hausa ƙarin nauyi ne ga wanda yanzu ya fara haɗa baƙi.

Sai dai fassarar ma tana bukatar hattara. Bahaushe in ya ji "tsoron ido", hankalinsa zai iya tafiya ga idon jama'a da abin kunya, kamar a "don ganin ido". Abin da ake nufi dabam ne: firgici mai tsanani idan mutum ya ga ƙwayar ido ko za a taɓa tasa. "Matsanancin tsoron ƙwayar ido" ya fi tsawo, amma malamin asibiti a Tawa da majinyacinsa za su fahimce shi a ji ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin kalma, ba asalinta ba.